Ƙara ko Sulhu: Ma'aunin Ɗan Kwangilar Gini Kafin Ya Doshi Kotu

Tsakure

Saɓani tsakanin ɗan kwangila da mai aiki ya zama ruwan dare a harkar gine-gine a Nijeriya, kuma galibinsa a kan kuɗi yake tasowa: ko an ƙi biya, ko an jinkirta, ko an sa ƙarin aiki ba a rubuta ba. Wannan maƙala ta nazarci tambayar da ke fuskantar ɗan kwangila a irin wannan hali, wato ya shigar da ƙara ne, ko ya nemi sulhu, ko ya haƙura. An dogara da dokokin ƙasa da wasu hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli da matsayin fiƙihun Musulunci da kuma karin maganar Hausa. Maƙalar ta fito da ma'aunai biyar da ya kamata a ɗora kowace da'awa a kansu. An gano cewa kasancewar mutum mai gaskiya sharaɗi ne na farko kawai. Abin da ke tabbatar da ribar ƙara shi ne yawan abin da zai shigo hannu, da lokacin da zai shigo, da darajarsa a wannan lokaci. Haka kuma an gano cewa haƙurin da ba a rubuta komai a cikinsa ba yana iya kashe haƙƙi baki ɗaya.

Fitilun Kalmomi: kwangila, ƙara, sulhu, tahkimi, wa'adi, hurumi

1.0 Gabatarwa

Ɗan kwangilar gini ba kamar mai sayar da kaya a kanti ba ne, wanda ake ba shi kuɗi ya miƙa kaya a rabu. Shi yakan fara zuba nasa kuɗin ne, ko ya ci bashin siminti da rodi da katako, ya sallami birkila da kafinta da lebura duk mako, sannan ya jira a auna aikin a biya shi. Kayan da ya sayar kuwa sun riga sun manne da filin wani, ba shi da ikon kwashe su idan ciniki ya ɓaci. Wannan ne ya sa jinkirin biya ya fi yi masa illa a kan sauran 'yan kasuwa, kuma shi ya sa maganar kotu ba ta nisa da bakinsa.

Sai dai shigar da ƙara ita ma wani jari ne da ake zubawa. Tana cin kuɗi da lokaci da hankali, kuma ba a tabbatar da abin da za ta dawo da shi ba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake auna wannan jari kafin a zuba shi. An taƙaita bayani a kan ƙanana da matsakaitan 'yan kwangila a Nijeriya, musamman na jihohin Arewa, masu gina ajujuwa da ɗakunan shan magani da magudanun ruwa da gidajen jama'a. An bi hanyar nazarin rubutattun dokoki da hukunce-hukunce, sannan aka gwada ma'aunan da wani lissafi na misali.

2.0 Shari'a a Tunanin Bahaushe

Bahaushe bai ɗauki zauren shari'a a matsayin wurin zuwa na farko ba. Yakan ce "shari'a saɓanin hankali", yakan kuma kwatanta ta da mace mai ciki, wadda ba a san abin da za ta haifa ba. Duka maganganun biyu suna nuni ne ga rashin tabbas, wato mai gaskiya yana iya shiga ya fito hannu rabbana. A ɗaya gefen kuma akwai tarin karin magana masu yabon haƙuri da zaman lafiya, irin su "mai haƙuri yakan dafa dutse" da "zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki".

Wannan tunani yana da tushe a tsarin sana'a na gargajiya. A biranen Hausa irin su Kano da Zariya akwai sarautar Sarkin Magina, kuma idan magini da mai gida suka saɓa a kan jinga ko ingancin aiki, akwai manyan sana'a da masu unguwa da ke shiga tsakani. Kowa ya san kowa, saboda haka kunya da tsoron zubewar mutunci sun isa su tilasta biya. Kwangilar zamani ta sauya wannan yanayi. Mai aiki a yau yana iya zama ma'aikata ko kamfani, jami'in da ya ba da aikin yana iya barin kujerarsa kafin a kammala, wanda ya gaje shi kuwa takarda kawai zai duba. A nan ne ɗabi'u biyu ke jefa ɗan kwangila cikin asara. Ta farko ita ce fushi, wanda ke kai shi kotu don a nuna wa wane iyakarsa, ko da ƙarar za ta cinye fiye da abin da ake bi. Ta biyu ita ce kawaici, wanda ke sa shi zaryar ofis shekara da shekaru yana karɓar "a dawo gobe", bai san cewa doka tana ƙirga masa kwanaki ba.

3.0 Tushen Rikicin Kwangilar Gini

Yawancin rikice-rikicen suna fitowa ne daga kafofi huɗu. Ta farko ita ce jinkirin biya bayan an auna aiki an ba da takardar shaida. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, wadda ta shafi ayyukan Gwamnatin Tarayya, ta ce a sashe na 37 duk kuɗin da ya wuce kwana 60 ba a biya ba bayan gabatar da takardun da aka tantance, jinkirtaccen biya ne, kuma zai ɗauki kuɗin ruwa gwargwadon abin da takardar kwangila ta ambata. Jihohi kuma suna da nasu dokokin. Kafa ta biyu ita ce ƙarin aiki ko sauyinsa, kamar a ce a ƙara zurfin harsashi ko a sauya nau'in kwanon rufi bayan an riga an yi farashi. Ta uku ita ce tashin farashin kaya a tsakiyar aiki. Ta huɗu kuwa ita ce soke kwangila ko riƙe ragowar kuɗi bisa zargin aiki bai yi kyau ba. A al'adar aikin gini akan riƙe wani kaso, galibi kashi 5 cikin ɗari, har sai wa'adin gyaran aibu ya cika, kuma sau da yawa karɓar wannan ragowa takan zama wani sabon aiki.

Rarrabe waɗannan kafofi yana da muhimmanci, domin ba ƙarfinsu ɗaya ba a gaban alƙali. Kuɗin da mai aiki ya riga ya sa hannu a kansa bashi ne tabbatacce. Kuɗin ƙarin aikin da aka umarta da baki kuwa da'awa ce da sai an kafa ta tun daga tushe.

4.0 Ma'aunai Biyar

4.1 Hujja

Dokar Shaida ta 2011 da fiƙihun Musulunci sun haɗu a kan ƙa'ida guda: wanda ya yi da'awa shi ke kawo shaida. Alƙali bai je wurin aiki ba, bai ji lokacin da aka ce "ka yi kawai, za mu daidaita" ba. Abin da zai gani shi ne takardar ba da kwangila, da jadawalin kaya da farashi, da takardun shaidar aiki, da wasiƙu, da littafin wurin aiki, da hotuna masu kwanan wata. Saƙonnin waya da na WhatsApp ma suna iya zama shaida, muddin an cika sharuɗɗan da sashe na 84 na dokar ya gindaya wa bayanan na'ura.

Wasu kwangiloli kuma suna da nasu tarko na cikin gida. A tsarin kwangilar FIDIC na 1999, wanda ake amfani da shi a manyan ayyuka, dole ɗan kwangila ya ba da sanarwar da'awarsa cikin kwana 28 daga ranar da ya san abin da ya haifar da ita, in ba haka ba haƙƙinsa na ƙarin kuɗi ko ƙarin lokaci ya faɗi. Saboda haka tambayar farko ga mai niyyar ƙara ita ce: daga cikin abin da nake bi, nawa ne zan iya tabbatarwa da takarda? Wannan adadi shi ne ainihin abin da ake shari'a a kansa, komai yawan abin da ke cikin zuciya. Ya kamata kuma ya duba nasa ɓangaren, domin wanda aka yi ƙara yana da damar mayar da da'awa a kan jinkiri ko aibun aiki. Wanda ya karɓi kafin alƙalami ya karkatar da shi wani wuri, ya san cewa wannan ma zai fito fili.

4.2 Wa'adi da Hurumi

Doka ta yanke wa kowace da'awa wa'adin shigar da ita. Ga kwangila ta yau da kullum, wa'adin shekara 6 ne a Legas da Abuja, a wasu jihohi kuma shekara 5, ana ƙirgawa daga ranar da aka saɓa alƙawari. Idan ya cika, bashin yana nan a wuyan mai shi, amma kotu ba za ta saurare shi ba. Amincewa da bashin a rubuce, ko biyan wani ɓangare nasa, yakan sabunta ƙirgen. Alƙawarin baki ba ya sabunta komai.

Shari'ar kamfanin City Engineering da Hukumar Gidaje ta Tarayya ta isa misali. An ƙulla kwangilar gina gidaje a unguwar Festac da ke Legas a 1974, saɓani ya kai ga yanke ta a 1980, aka tafi gaban mai tahkimi, wato alƙalin da ɓangarori biyu suka yarda su naɗa wa kansu. A 1985 ya yanke wa kamfanin sama da naira miliyan 3.7. Kamfanin ya nemi kotu ta zartar da hukuncin a 1988. A 1997 Kotun Ƙoli ta ce wa'adin shekara 6 ya fara ne tun 1980, don haka ya riga ya cika. Kamfanin ya yi nasara a kan gaskiyar magana, amma bayan shekara 17 bai samu hanyar karɓar kuɗinsa ta kotu ba. Dokar Tahkimi da Shiga Tsakani ta 2023 ta toshe wannan kafa, inda ta cire tsawon zaman tahkimi daga ƙirge, sai dai darasin yana nan daram.

Akwai kuma batun hurumi, wato wace kotu ce ke da ikon sauraron ƙarar. Mutane da dama suna zaton duk ƙarar da ta shafi hukumar tarayya Babbar Kotun Tarayya ake kai ta. A shari'ar Onuorah da Kamfanin Matatar Mai ta Kaduna, Kotun Ƙoli ta yanke a 2005 cewa rikicin kwangila ta yau da kullum na Babbar Kotun Jiha ne. Wanda ya ɓata shekaru a kotun da ba ta da hurumi, duk abin da aka yi ya rushe. Bugu da ƙari, dokokin da suka kafa hukumomi da yawa sun wajabta a ba su sanarwa a rubuce kafin a yi ƙararsu. Wani abin da ke tsorata 'yan kwangila shi ne wa'adin wata 3 na Dokar Kare Jami'an Gwamnati. Amma tun 1974, a shari'ar Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa da kamfanin gine-gine na Cogefar, Kotun Ƙoli ta nuna cewa irin wannan gajeren wa'adi bai shafi da'awar kwangila da ladan aiki ba.

4.3 Tsada da Lokaci

Tsadar ƙara ba ta tsaya ga kuɗin lauya ba. Akwai kuɗin rajista, da ladan ƙwararren mai ƙididdigar gini da zai ba da shaida, da zirga-zirga, da kwanakin da ɗan kwangila zai bar wurin aiki ya zauna a benci a ɗage zama. Rahoton Bankin Duniya na 2020 a kan sauƙin kasuwanci ya ƙiyasta cewa tilasta cika kwangila ta hanyar kotu a Nijeriya yana ɗaukar kwana 399, yana kuma cin kashi 38.9 cikin ɗari na abin da ake bi. Wannan ƙiyasi na ƙaramar ƙara ce a matakin farko. Idan aka ɗaukaka ta zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli, lissafin yakan koma na shekaru. Abin da kotuna ke yanke wa wanda ya faɗi a matsayin kuɗin ɗawainiya kuwa da wuya ya kusanci abin da mai nasara ya kashe.

Babban mai cin haƙƙin ɗan kwangila a wannan zamani shi ne faɗuwar darajar kuɗi. A farkon 2020 buhun siminti bai kai naira 3,000 ba, a farkon 2024 ya haura 10,000 a wurare da dama. Dalar Amurka da gwamnati ke canzarwa a kan kusan naira 460 a watan Mayun 2023 ta wuce 1,500 a 2024, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanya hauhawar farashi a kashi 34.80 cikin ɗari a Disambar 2024. Kotu kuwa adadin naira take yankewa, ba adadin buhuna ba. Kuɗin ruwan da aka saba ɗorawa bayan hukunci yana wajen kashi 10 cikin ɗari a shekara, na kafin hukunci kuma sai an roƙe shi an kafa hujjarsa da yarjejeniya ko al'adar kasuwanci.

Ga ɗan kwangila Musulmi akwai ƙarin nauyi a nan. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta halatta a gindaya wa ɗan kwangila sharaɗin tara idan ya jinkirta aiki, amma ba ta halatta irin wannan tara a kan wanda ya jinkirta biyan bashi ba, domin ƙari a kan bashi riba ne. Ke nan mai kiyaye wannan matsayi ana iya cin tararsa idan ya makara, shi kuwa ba zai karɓi ƙari ba idan aka makara masa. Duk shekarar da ƙara ta ƙara, asararsa ce zalla. Mafitarsa tana cikin tsarin kwangilar tun farko: biya mataki-mataki, da sharaɗin sake duba farashi idan kaya suka tashi, da haƙƙin dakatar da aiki idan ba a biya ba.

4.4 Karɓar Kuɗi Bayan Hukunci

Hukunci takarda ce, sai an zartar da ita take zama kuɗi. Idan wanda ake bi kamfani ne da ya durƙushe, ko mutum ne da ba shi da wata kadara da sunansa, nasarar ba za ta sayi ko bulo ɗaya ba. Saboda haka binciken abin da wanda ake bi ya mallaka ya kamata ya riga shigar da ƙara. Idan kuma hukuma ce, akwai wani shinge na daban. Sashe na 84 na dokar zartar da hukunce-hukuncen kotu ya ce ba a kama kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati a matsayinsa na jami'i sai da izinin Antoni Janar. Ma'ana, mai bin gwamnati bashi yana neman izinin babban lauyan gwamnatin ne kafin ya taɓa kuɗinta. Lauyoyi sun daɗe suna jayayya a kan iyakar wannan sashe, kuma jayayyar kanta wata sabuwar shari'a ce mai cin nata lokacin.

4.5 Makomar Hulɗa

Kasuwar kwangila a kowace jiha ƙarama ce, masu ba da aiki sanannu ne. Wanda ya maka ma'aikata a kotu yana iya samun kuɗinsa ya rasa aikin gaba, ko da babu wata doka da ta hana a ba shi. Wannan asara ba ta bayyana a takardar lauya, amma dole a sa ta a sikeli. Sai dai ma'aunin yana da fuska biyu. Hulɗar da ba a biya a cikinta ba ta cancanci a yi mata tanadi ba, kuma ɗan kwangilar da aka san ba ya taɓa neman haƙƙinsa shi ake mayarwa ƙarshen layi duk ranar da kuɗi suka fito. Bayan haka, kuɗin da yake bi ba nasa ba ne shi kaɗai. A cikinsu akwai haƙƙin mai siminti da mai tipar yashi da leburori, kuma ba shi da ikon yafe abin da yake na wasu.

5.0 Gwajin Ma'aunan da Lissafi

Alƙaluman da ke tafe na misali ne kawai, an ƙaddara su don a nuna hanyar lissafi. A ɗauka ɗan kwangila yana bin naira miliyan 20, mafi yawansu na ƙarin aikin da ba a rubuta da kyau ba. Lauyansa ya ƙiyasta damar nasara a kashi 70 cikin ɗari, damar karɓar kuɗin bayan hukunci a kashi 80, tsawon shari'a shekara 4, ɗawainiya kuma miliyan 4. Idan aka auna miliyan 20 da waɗannan damammaki biyu, abin da ake sa rai ya koma miliyan 11.2. Idan farashi yana hawa da kashi 20 cikin ɗari duk shekara, darajar kuɗi takan ragu da fiye da rabi a shekara 4, don haka miliyan 11.2 ta zama kamar miliyan 5.4 a kuɗin yau. A cire ɗawainiya, saura bai kai miliyan 2 ba. A wannan hali, idan mai aiki ya yi tayin miliyan 12 a hannu, karɓa ita ce dabara, duk da zafin barin miliyan 8. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

A sauya yanayin kuma. Kuɗin dai miliyan 20 ne, amma akwai takardar shaidar aiki mai sa hannu da wasiƙar amincewa da bashi, wanda ake bi kuma kamfani ne mai kadara da asusun banki sananne. Irin wannan da'awa tana iya bin gajeriyar hanyar da dokokin manyan kotuna suka tanada don bashin da adadinsa ya tabbata kuma babu wata kariya ta gaskiya a kansa. A ƙaddara damar nasara kashi 90, ta karɓa kashi 90, lokaci shekara 1, ɗawainiya miliyan 1.5. Abin da ake sa rai ya zama miliyan 16.2, darajarsa a yau miliyan 13.5, bayan ɗawainiya miliyan 12. A nan tayin miliyan 8 raini ne, kuma ƙara ta cancanta. Sau da yawa ma takardar sammaci kaɗai takan sa wanda ake bi ya nemi a zauna.

Mutum ɗaya ne, adadi ɗaya, gaskiya ɗaya, amma amsa ta bambanta. Abin da ya bambanta ta shi ne takarda da lokaci da aljihun wanda ake bi.

6.0 Hanyoyin da ke Tsakanin Haƙuri da Babbar Kotu

Zaɓin ɗan kwangila bai taƙaita ga abu biyu ba. Matakin farko shi ne wasiƙar neman biya mai ɗauke da adadi da dalili da wa'adi. Ba ta da tsada, tana kafa tarihi, kuma amsar da za ta jawo tana iya zama amincewar da ke sabunta wa'adi. Na biyu shi ne sulhu ta hannun mai shiga tsakani. Manyan kotuna sun buɗe zaurukan sasanci da ake kira masu ƙofofi da yawa, a Legas a 2002, a Abuja a 2003, a Kano a 2009. Fifikonsu a kan sulhun zaure shi ne yarjejeniyar da aka cim ma tana iya samun amincewar alƙali ta zama hukuncin da ake zartarwa. Wannan ya haɗa abin da Bahaushe ya saba da shi da abin da ya rasa, wato ƙarfin tilastawa.

Ga ƙananan basussuka, irin na birkila ko mai kawo kaya ko wanda aka yankar wa wani ɓangare na aiki, akwai kotunan ƙananan da'awowi. Legas ta fara su a 2018, Kano ta bi a 2019, da iyakar naira miliyan 5 a lokacin kafawa da burin kammala shari'a cikin kwana 60, kuma mutum yana iya tsaya wa kansa ba tare da lauya ba. Sai kuma tahkimi, wanda ke da amfanin sirri da damar naɗa masanin gini ya yi hukunci. Sai dai ɓangarorin ne ke biyan mai tahkimi da wurin zama, don haka yana iya fin ƙarfin ƙaramar da'awa. Wajibi ne a duba takardar kwangila tun da wuri, domin idan akwai sharaɗin tahkimi a ciki, ɗaya ɓangaren yana iya sa kotu ta dakatar da ƙarar.

Akwai giɓi guda da ya rage a dokokin Nijeriya. Tun 1996 Birtaniya ta yi dokar da ta ba kowane ɓangare a kwangilar gini damar kai saɓani gaban mai yanke hukuncin wucin gadi, wanda zai ba da amsa cikin kwana 28, a biya nan take, mai ƙorafi ya je kotu daga baya. Malesiya ta yi makamanciyarta a 2012. Irin wannan tsari an yi shi ne don kada aiki ya tsaya saboda rikicin kuɗi, kuma zai fi amfanar ƙananan 'yan kwangila da ba su da jarin jiran shekaru.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tambayar "ina da gaskiya?" daban take da tambayar "ƙarar za ta biya ni?". Ta farko lauya ne ke taimakawa wajen amsa ta, ta biyu kuwa lissafin kasuwanci ne da ya rataya a wuyan ɗan kwangila, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙara tana cancanta idan adadin ya tabbata a rubuce, wa'adi bai cika ba, an san kotun da ke da hurumi, wanda ake bi yana da abin biya, kuma abin da zai rage bayan ɗawainiya da faɗuwar darajar kuɗi ya fi tayin da ke hannu. Idan waɗannan suka yi rauni, sulhu ya fi, kuma ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Wanda ya zaɓi haƙuri kuma ya yi shi da alƙalami a hannu: ya riƙa rubuta wasiƙa, ya nemi amsa a rubuce, ya san ranar da wa'adinsa zai cika.

Mafi yawan abin da ke yanke makomar rikici an riga an yi shi ko an bar shi tun ranar sa hannu da kwanakin aiki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Umarnin rubuta bashi da kafa masa shaidu yana cikin aya ta 282 ta Suratul Baƙara, don haka neman a rubuta ƙarin aiki kafin a ɗora bulo bai saɓa wa kunya ko amana ba. A ɓangaren masana Hausa kuma akwai aikin da ke jira. Yawancin takardun kwangila da Ingilishi ake rubuta su, alhali da yawa daga masu sa hannu da masu aikin da Hausa suke ciniki. Samar da daidaitattun kalmomin kwangila da na shari'ar kasuwanci, da fassara samfurin yarjejeniyar gini mai sauƙi zuwa Hausa a boko da ajami, zai rage yawan rikicin da ke tasowa daga sharaɗin da mutum ya sa wa hannu bai fahimce shi ba.